Ƙafar Illa

A Garin Tsoho, wani ƙauye da ke gindin duwatsun ƙasar Buza, babu wanda zai ce bai ga abin da aka yi wa Illa ba. A gaban kowa aka yi shi, da rana tsaka, a shekarun da Nasara ke yaƙi a ƙasarsu suna matsa wa talakawa da aikin tilas.

Illa yaro ne ɗan shekara goma sha biyar, autan maza a gidan marigayi Isaka. Yayyensa biyu ne: Alƙasim, wanda ya dawo daga soja ya tarar uban ya rasu ya zama mai gida, da Hamidu, wanda bai daɗe da yin aure ba. Uwarsu Cima tana raye, da ƙanwarsu Furera.

Laifin Illa wasa ne. Duk ranar kasuwa bayan la'asar, shi da tsararrakinsa sukan taru a gindin gawon dandali su yi wani wasa da suka sa wa suna Gidan Kafaran. Mutanen wasan ba sa canzawa, rigimar ce kawai ke sabunta kowane mako. Illa ne Kafaran, wato kofur da ya dawo daga sojan Faransa. Yakan ɗaura jan tsumma a ka, ya naɗe ƙwaurinsa da ƙyalle, ya turo ƙirji, ya riƙa daka wa kowa tsawar "gardabu", umarnin soja na a ƙame, har akuya, har tuwo. Wani mako Kafaran ya tafi gona ya umarci gero ya tsaya a layi. Wani mako ya ƙi shan fura da ludayi, ya ce shi ya saba da cokalin Nasara. Akwai kuma ƙanin Kafaran, wanda bayansa ke ciwo duk ranar noma, ya warke da zarar ya ji kalangu. Tsofaffin mata sukan yi dariya har su share hawaye da bakin zane. 'Yan mata kuwa sun fara barin kiɗan manyan samari suna komawa gindin gawo.

Wannan shi ya fi ƙona ran manyan samarin, waɗanda suka haura ashirin, suka je soja ko cin rani Sakkwato da Kano suka dawo. Suna cewa yaran yanzu ba su da kunya, ba su san inda duniya ta dosa ba, ko Madawa ba su taɓa zuwa ba. Yaran kuma, in sun keɓe, sai su ce su ne suka riƙe gonaki sa'ad da manyan ke yawo, kuma abin da manyan suka kawo bai wuce madubi da mataji da tsawa ba.

Wata ranar kasuwa bayan kaka, wasa ya yi nisa, Kafaran yana koya wa zakara yadda ake sara wa kumandan, sai Alƙasim da abokansa suka kutso cikin taron da tsumagu. Suka tarwatsa yaran, suka bi wasu har cikin kara. Alƙasim ya fizge jan tsumman daga kan Illa, ya kama kunnensa, ya ja shi tun daga dandali har tsakar gida.

"Ni kaka kwaikwayo gaban 'yan mata?"

"Yaya, ban ambaci sunan kowa ba."

"Wa ad da jar hula garin ga in ba ni ba?"

Illa ya ɗaga ido ya ce in hular ce ta jawo, ai tsumma ne ba hula ba. Marin da ya sha sai da ya zauna a ƙasa. Cima tana bakin murhu, ta ce a bar shi haka, yaro ne. Alƙasim ya ce irin wannan maganar ce ta lalata shi.

Daga ranar aka hana shi dandali. Geron da ya noma a gayaunarsa, ɗan filin da ubansu ya yanka masa tun yana raye, aka kwashe aka zuba a rumbun gida, aka ce mai bakin raina manya ba ya da nasa rumbu. Ɗiban ruwa daga rijiyar kwari ya koma kansa shi kaɗai, da na mutane da na dabbobi. Illa bai rusuna ba. In Alƙasim ya juya baya, sai ya turo ƙirji ya yi tafiyar Kafaran don Furera ta yi dariya. Hamidu ya kama shi ya kai rahoto, aka sake dukansa. Ya ce wa Hamidu a ido, shi dai bai taɓa ganin bayan da ke ciwo da damina kawai ba. Hamidu ya riƙe wannan maganar.

Ana haka gardi, dogarin Nasara, ya iso garin a kan doki, ya sauka ƙofar mai gari. Aka yi shela cewa kowane gida zai ba da namiji ɗaya mai ƙarfi, za a tafi aikin hanyar mota, fasa duwatsu da ɗaukar su. Alƙasim tsohon soja ne, ba a taɓa shi. Hamidu aka kira.

Hamidu ya ce matarsa Dela tana da ciki, ba zai bar ta ba, ga kuma bayansa. Alƙasim bai yi dogon tunani ba. Ya kira Illa ya gaya masa shi zai tafi, kuma in an kira Hamidu ɗan Isaka, shi zai amsa.

Cima ta bi Hamidu bayan ɗaki ta roƙe shi. Ta ce ya dubi hannuwan yaron, ko gemu bai fara ba, manyan maza ma dawowa suke kamar itace. Hamidu ya ce shi ba ruwansa, mai gida ne ya yanke. Da maganar ta kai ga Alƙasim, sai ya ce alheri ne yake yi wa yaron: can zai koyi jin magana, can zai gane cewa rayuwa ba dariya ba ce, shi ma ai ba da son ransa aka kai shi bariki ba, ga shi ya dawo namiji.

Da safe aka tara mutanen a ƙofar mai gari. Gardi ya tsaya gaban Illa, ya kama damtsensa ya matsa, ya yamutse fuska. Alƙasim ya matso ya sara masa, suka yi 'yan kalmomin Faransanci, aka ga wani ya kai zakara an ɗaure a jikin sirdi. Mai gari ya kau da kai yana duban wani wuri. Mutanen gari duka suna tsaye, duka sun san wane ne Hamidu, babu wanda ya yi tari. Illa ya ɗauki 'yar jakar garinsa ya shiga layi. Bai waiwayi yayyensa ba.

A wurin aikin, tun fitowar rana ake ɗora musu kwandon duwatsu a ka, su sauko daga tudu su zube, su koma. Illa ya jure har ya kusa cika wa'adinsa. Ran nan wani dutse ya kuɓuce wa mutumin da ke samansa, ya gangaro ya danne masa ƙafar hagu. Mai kula da aikin ya sa aka ɗaure da tsumma, ya zaunar da shi yana fasa tsakuwa da guduma. Da ƙafar ta kumbura har ya kasa zama a kanta, aka ce ya tafi gida, ba shi da amfani. Wani Buzu mai jakai ya ji tausayinsa ya rage masa hanya.

Da azahar ya shigo gari yana dogara sanda. Alƙasim na zaune a zaure da abokansa. Ya hango shi, ya nuna shi da haɓa.

"Ku duba, Kafaran ya samo sabon wasa. Yau gurgu na."

Suka yi dariya. Ɗayansu ya ce wallahi ya iya, kamar gaske. Alƙasim ya sa shi ya kwance tsumman a nan bakin zaure. Ya leƙa daga inda yake zaune, ya ce ya ga mutane a bariki da raunin da ya fi wannan suna maci. Ya ce yaron gudowa ya yi, kuma in gardi ya biyo sawu ya tafi da Hamidu, to Illa ya san abin da zai same shi. Washegari ya tura shi rijiya.

Illa ya tafi. Furera ce ta same shi zaune a tsakiyar hanya da tulu a gefensa, fashe. Alƙasim ya ce da gangan ya fasa.

Cima ta yi abin da ta sani. Ta wanke ƙafar da ruwan ɗumi, ta daka ganye ta ɗaura, ta shafa man shanu. Kumburin ya haura idon sawu. Yatsun suka fara baƙi. Ta aika aka kira wanzamin garin, tsoho ne mai hannu. Ya duba, ya taɓa, sannan ya fito ya sami Alƙasim ya ce masa wannan ta fi ƙarfinsa, a kai yaron wurin likita a Madawa, kuma kada a jira.

Alƙasim ya gode masa, ya raka shi har ƙofa. Da ya dawo ya ce ba inda za a je. In an kai shi, za a tambayi sunansa, a tambayi inda ya ji rauni, a gane yaro aka tura da sunan babba. Hamidu zai kwana gidan kaso, shi kuma mutuncin da ya samo da wahalar bariki ya zube. Ya tambayi Cima ko tana so a rushe gida saboda ƙafa ɗaya.

Bayan kwana kaɗan ta sake tayar da maganar, sai ya ce jakin na kai taki gona, a bari a gama. Da aka gama, ya ce likitocin Nasara ba su san komai ba sai yanke ƙafa, shi ya gani da idonsa. Da ta ce ko yankewar ce ta yarda, ya ce a jira ranar kasuwa ko za a sami abokan tafiya. Ranar kasuwa ta zo ta wuce.

Ƙafar ta fara wari. Dela ta ce ba ta iya cin abinci, cikinta na tashi. Ba ƙarya take ba, tana amai har ta galabaita. Hamidu ya ce ba zai zuba ido ɗansa ya lalace a ciki ba saboda wanda ya jawo wa kansa. Aka ɗauke Illa daga ɗakin uwarsa aka kai shi wata tsohuwar bukka a bayan gida, inda ake ɗaure awaki da damina. Cima ta kwashi tabarmarta ta bi shi can.

Abokan wasansa suka zo gaishe shi, Hamidu ya tare su a zaure da sanda, ya ce su ne suka koya masa rashin kunya. Yaran suka tsaya daga nesa suna harararsa. Wani cikinsu, Abubakar, wanda yake yin matar Kafaran a wasan, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, su dai sun san wanda aka kira aikin hanya. Hamidu ya bi shi da gudu, bai ko tuna da bayansa ba. Daga baya suka riƙa tsallako darni da rana, sa'ad da manyan ke barcin azahar. Suna kawo masa ƙwai, ko ɗan nono, ko goruba. Ran farko Illa ya yi ƙoƙarin yi musu muryar Kafaran, ya fara, numfashi ya ƙare masa a tsakiya. Babu wanda ya yi dariya. Bai sake gwadawa ba.

Zazzaɓi ya shige shi. Yana rawar sanyi cikin zafin bazara. Wata safiya hankalinsa ya ɗan dawo, ya ce wa Furera ta kira masa Alƙasim. Alƙasim ya zo ya tsaya a bakin bukkar, ya toshe hanci da hannun riga, bai shiga ba.

"Yaya, shigo ka duba. In wasa nika yi, ka buge ni."

Alƙasim bai motsa ba.

"Na tuba. Ba ni ƙara kwaikwayon kowa. In kac ce in tahi dandali in duƙa gaban abokanka, ni duƙa. Ka kai ni ga likita."

Illa bai taɓa roƙon kowa haka ba tun yana ƙarami. Alƙasim ya dube shi, ya gyaɗa kai kamar wanda aka biya shi abin da ya daɗe yana jira.

"To, yanzu ka san akwai manya."

Ya juya ya tafi. Cima ta saurara ko za ta ji an kwance jaki. Abin da ta ji shi ne muryarsa a zaure yana gaya wa Hamidu cewa yaron ya fara hankali.

Bayan kwana biyu aka yi suna a wani ƙauye kusa, Alƙasim da Hamidu suka sa manyan riguna suka tafi tun da hantsi, da jakin gidan. Cima ta aika Furera wurin Abubakar. Ya zo da yara uku da jakin ubansa, wanda ya kwanto ba da izini ba. Suka ɗora Illa, suka tallabe shi ta gefe biyu. Suka ratsa tsakiyar gari. Mata suka leƙo ta kan darni, dattawa a gindin bishiya suka ce Allah shi ba da lafiya. Babu wanda ya tashi ya bi su.

Hanyar Madawa doguwa ce ga mai jaki. Suka yi ta tafiya cikin duwatsu, suna tsayawa suna ɗiga masa ruwa a baki. Ya yi ta magana da ba a ganewa, wani lokaci yana kiran ubansa, wani lokaci yana cewa kwandon ya yi nauyi a rage masa. Da rana ta karkata ya ce a sauke shi, jakin na jijjiga shi. Suka kwantar da shi a inuwar wata aduwa kusa da wani ƙauye da ba su san sunansa ba. Ya ɗora kai a cinyar uwarsa. Furera na kora masa ƙudaje. Kafin la'asar ta yi sanyi ya cika.

Mutanen ƙauyen suka fito. Limaminsu ya ce da irin wannan ciwon da wannan zafin ba za a iya komawa da shi ba. Suka ba da likkafani, suka ara wa yaran magirbi. Abubakar da abokansa ne suka haƙa ramin, a ƙasa mai tsakuwa, hannuwansu na fashewa, suka ƙi bari wani babba ya karɓe su. Baƙi suka yi masa salla. A nan suka kwana, da safe suka juyo.

Suka shigo Garin Tsoho da jaki ba kowa a kansa. Alƙasim na tsaye a ƙofar gida, tun jiya yake cika yana batsewa. Ya dubi jakin, ya dubi uwarsa, ya gane. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne:

"Kun kai ga likita? Wa kunka gaya ma?"

Cima ta tsaya. Alƙasim ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko dubansa ido da ido ba ta cika yi ba. Ranar ta dube shi, a gaban maƙwabta da yaran da suka rako ta.

"Alƙasim. Kwanta da hankalinka, ba mu gaya ma kowa ba. Ya mutu bisa hanya, bai tona ka ba. Mutuncinka na nan, ɗauki abinka."

Ta wuce shi ta shiga gida.

Aka yi zaman makoki a zaure. Alƙasim ya zauna a tsakiya da jar hularsa yana karɓar gaisuwa. Ya gaya wa masu zuwa cewa shi ya riga ya shirya kai yaron Madawa a makon nan, mata ne suka yi gaggawa suka fita da shi cikin rana, tafiyar ce ta ƙarasa shi. Hamidu ya ce shi har ya fara neman jaki mai taushin tafiya. Dattawa suka ce kwana ne ya ƙare, Allah shi ba da haƙuri. Wanzamin ya zo, ya yi addu'a a tsaye, ya fita bai ba kowa hannu ba. Tsararrakin Illa ba su shiga zauren ba. Suka zauna a ƙasa a ɗaya gefen hanya, suna kallon ƙofar, daga safe har yamma. Abokan Alƙasim suka so su kore su, wani tsoho ya ce a bar su.

Da aka share makoki Cima ta ɗaure kayanta, ta kama hannun Furera, ta tafi wurin ɗan'uwanta a Ibohamane. Alƙasim ya aika a dawo da ita, ya ce abin kunya ne a ce uwarsa ta bar gidansa. Ta ce wa ɗan aiken ya gaya masa ta ji. Ba ta dawo ba.

Babu wanda ya kai ƙara. Mai gari bai kira kowa ba. Dela ta haifi namiji, aka yanka rago, aka yi kiɗa har manyan samari suka yi rawa.

Da rani ya zagayo, gardi ya sake sauka a ƙofar mai gari, aka sake shela. Da yamma aka ga magidanta matasa suna shiga zauren Alƙasim ɗaya bayan ɗaya, suna tambayarsa yadda ake magana da gardi, da irin abin da ake ɗaura masa a sirdi. Ya yi musu bayani dalla-dalla, don shi mutum ne da ya san Nasara.

Washegari da aka tsayar da layin masu tafiya aikin hanya, iyaye mata na tsaye a bayan darni suna kallo. Yawancin waɗanda ke layin ba su fara gemu ba. Abubakar ne a gaba, da jakar gari a kafaɗa. Gardi ya kira sunan yayansa, ya amsa.